Toyota ba ta mutuwa, in ji dillali

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, hirar masu neman mota ta koma tambaya ɗaya tak: tana shan mai? Wanda a da yake mafarkin jif mai silinda shida, yanzu Corolla yake nema, ko Vibe, ko tsohuwar Civic. Tambayar tana da hujja, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Sai dai a ganina an ɗora wa fetur laifin da ya fi ƙarfinsa, an ƙyale babban mai laifin, wato faɗuwar naira, shi ya sa mutane da yawa suke gudun ramin mai suna faɗawa na gareji.

Lissafin mai ba ya ɓuya. Mu ɗauka mutum yana cin kilomita 1,000 a wata cikin gari, ƙaramar mota ta sha lita 10 a kowace kilomita 100, babbar ta sha 16. Bambancin lita 60 ke nan, kusan naira 60,000 in lita tana 1,000, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Wannan kowa ya gane shi, don kullum a gidan mai yake ganinsa.

Abin da ba a gani sai an shiga shi ne aikin dala. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati take bayarwa a wajen 460 ta wuce 1,500 cikin 2024. Motar da ake kira Beljiyam da dala ake sayo ta, da dala ake biyan jirgi, kwastan ma da farashin dala suke lissafa kuɗin fito. Hanyar Kwatano kuwa an haramta shigo da mota ta kan iyakar ƙasa tun farkon 2017. Dillalin da ya ga jarinsa ya tsuke, me zai yi? Ya koma gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci a Amurka, a gyara, a fesa fenti, a mayar da mita baya. Mai saye kuma da kuɗinsa ya kasa kaiwa can, ya koma ta hannu, wadda ta shekara goma tana shan ramukanmu. Motocin da ke yawo a kasuwa sun ƙara tsufa, kuma a daidai lokacin da kowane fulogi, shokozoba da galan ɗin baƙin mai a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka yake bin dala. Daga nan sai jinkirta juyen mai, sai sayen jabun kaya, sai inji ya buga.

A wannan hali ne maganar "Toyota ba ta mutuwa" ta zama jari. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma dole a ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu: kayanta suna ko'ina, bakaniken ƙauye ma ya san cikinta, in ka tashi sayarwa ba ta kwana. Amma sunan kamfani ba ya goge tarihin mota. Camry ɗin 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu an san injinta da cinye baƙin mai, tsofaffin Accord an san su da fitar ƙafa in ba a kula da ƙasansu ba. Ga wani abin dariya: Pontiac Vibe da Toyota Matrix kusan mota ɗaya ce, inji ɗaya, sai da jama'a suka farga da hakan sannan Vibe ta yi daraja, ga shi Pontiac ɗin ma an rufe shi tun 2010. Abin da ya sa Fijo 504 ta mallaki hanyoyin Arewa shekara da shekaru shi ne an riƙa haɗa ta a Kaduna tun daga 1975, kaya da masu gyara suna kusa. Ƙarko a wurinmu rabinsa a gareji yake.

Garejin kuwa yana da nasa alhakin. Mota ta iso da lafiyarta, a cire mata abin da ke daidaita zafin inji wai ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya a lagireto, a zuba baƙin mai mai kauri a injin da aka ƙera don mai tsinkakke. Bayan shekara biyu a ce ai irin motar ce ba ta da kyau. Motocin Jamus masu yawan na'ura sun fi shan wannan wahala, shi ya sa ake samunsu da araha mai ruɗi, araha kuwa ba ta ado.

Wasu suna cewa mafita ita ce a mayar da mota ta koma amfani da iskar gas. Inda akwai wurin ɗura ta, to. A yawancin garuruwan Arewa mai mota zai fi daɗewa yana neman tashar fiye da tafiyar da zai yi, kuma gas ba ta gyara giyar da ta gaji.

Don haka mai naira miliyan goma kada ya sayi motar miliyan goma. Ya ware kuɗin taya, batir, juye da takardu, inshorar dole kaɗai ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Ya sa a binciki lambar shasi a intanet, a jona mata kwamfuta, ya shiga kasuwa ya tambayi kuɗin injinta da giyarta kafin ya biya. Bakaniken da zai duba ta kuma ya zama nasa ne, ba wanda dillali ya kawo ba, don wancan la'adarsa yake dubawa.