Tikitin ƙwallo: Daga Agege zuwa Abuja, wa ke samun kujera ranar babban wasa?

Duk lokacin da jadawalin gasar Firimiyar Najeriya ya kai Kano Pillars birnin Legas, ƙungiyar ba ta sauka a matsayin baƙuwa. Kafin motar 'yan wasa ta iso, labari ya riga ya zaga Zangon Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da kewayen kasuwar Oyingbo a Ebute Metta. Mahauta da masu sayar da goro, 'yan canji da masu gadi da 'yan dako, kowa kan san yadda zai yi ya bar sana'arsa na rabin yini. Da yamma sai a ji kirarin "Sai Masu Gida" yana tashi a filin da ke nesa da Ƙofar Mata da kusan kilomita 1,000.

Waɗannan mutane suna cikin magoya baya mafi riƙon amana a ƙwallon ƙafar ƙasar nan. Amma a tsarin da aka saba sayar da tikiti, babu abin da ke bambanta wanda ya shekara 20 yana bin ƙungiya da wanda ya zo kallo yau kaɗai, balle ya bambanta shi da wanda ya sayi tikiti goma don ya sayar a bakin ƙofa. Ranar ƙaramin wasa wannan ba ya damun kowa, domin kujeru a buɗe suke. Ranar babban wasa ake gane illarsa.

Dangantakar Hausawan Legas da ƙwallo ta girmi ita kanta Pillars, wadda aka kafa a 1990. A Ebute Metta hedikwatar Hukumar Jiragen Ƙasa take, kuma layin dogon da ya isa Kano a 1911 shi ya sauƙaƙa wa fatake safarar shanu zuwa Ikko da dakon goro zuwa Arewa, har zangon Agege ya bunƙasa. Ma'aikatan wannan hukuma ne suka kafa ƙungiyar Railways, wadda ta yi ta lashe Kofin Gwamna da aka fara a 1945. A 1953 ne 'yan wasan Kano suka je Legas suka ɗauke kofin, karo na farko da ya fita daga birnin. Daga Ebute Metta zuwa Babban Filin Wasa na Surulere, inda Najeriya ta doke Aljeriya 3-0 ta ɗauki Kofin Afirka a 1980, ɗan taƙi ne.

Abin da ya faru a Agege

Filin wasa na Agege ƙarami ne, an ƙiyasta yana ɗaukar mutum 4,000. A watan Yunin 2019 kamfanin LMC, mai gudanar da gasar a lokacin, ya kai wasannin ƙungiyoyi shida na fitar da zakara can. Wanda ya san unguwar ya san abin da hakan ke nufi: an kawo Pillars tsakiyar masoyanta, a filin da ba zai ɗauki ko kashi ɗaya bisa uku na abin da Filin Sani Abacha ke ɗauka ba. Ga kuma tsohon miki, domin watanni takwas kafin nan Enugu Rangers ta farke ƙwallo uku ta doke Pillars a bugun fenareti a wasan ƙarshe na Kofin Aiteo a Asaba.

Da ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa ranar 10 ga Yuni aka tashi 1-1, wasu 'yan kallo sun kutsa cikin fili suka far wa alƙalin wasa. An ci tarar Pillars naira miliyan 8, an dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali wasa 12. Enyimba ta ɗauki kofin, Pillars ta ƙare ta biyu.

Babu mai kare dukan alƙali, kuma bai kamata a samu ba. Abin lura shi ne hukuncin ya sauka a kan ƙungiya da ɗan wasa, domin su ne ke da suna da adireshi. Waɗanda suka tsallaka shinge sun shige cikin jama'a. Tikitin takarda da aka yaga a ƙofa ba ya faɗin wanda ya riƙe shi. Sai abin ya zama wake ɗaya ya ɓata gari, aka dinga ambaton "magoya bayan Pillars" a dunƙule, har da dattijon da ya biya kuɗinsa ya zauna lafiya ya tashi lafiya.

Kyautar da ke ƙarewa a kasuwa

A Ingila kukan magoya baya shi ne tsadar tikiti. A Najeriya farashin hukuma ba kasafai yake zama matsalar ba. Matsalar ita ce hanyar da tikitin ke bi kafin ya iso hannun mai kallo, da kuma al'adar da shugabanni suka ɗauka ta nuna karamci da kujerun filin wasa.

Ranar 25 ga Maris, 2016, Gwamnatin Jihar Kaduna ta buɗe ƙofofin Filin Ahmadu Bello kyauta domin wasan Najeriya da Masar. Rahotanni sun ƙiyasta mutum 40,000 ne suka shiga, adadin da ya zarce ƙarfin filin nesa ba kusa ba. Hotunan matasa a saman turakun fitilu da allon nuna sakamako sun zaga duniya. An tashi 1-1, Hukumar CAF ta ci tarar Najeriya dala 5,000. Allah ne kawai ya kiyaye, domin ƙasar ta taɓa ganin yadda cunkoso ke ƙarewa: ranar 12 ga Agusta, 1989, da Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin Surulere a wasa da Angola, wasu 'yan kallo ma sun rasa rayukansu a turmutsitsi.

Ma'aikatan tarayya kuwa ba su manta da 29 ga Maris, 2022 ba. Ofishin Shugabar Ma'aikata ya ba da umarnin a tashi daga aiki da ƙarfe 1 na rana domin a je a mara wa Super Eagles baya a wasanta da Ghana. An sa tikiti naira 2,000 da naira 10,000, sannan aka sanar da cewa Ma'aikatar Wasanni da Hukumar NFF sun sayi tikiti 20,000 domin rabawa kyauta. Filin Moshood Abiola yana ɗaukar mutum 60,000 da ɗoriya, wato kusan kujera ɗaya cikin kowace uku ta fita daga layin sayarwa ta koma layin rabo.

Niyyar ba ta da aibu, ana son fili ya cika ne. Amma wanda ya san yadda rabo ke tafiya a Abuja ya san tikitin kyauta ba shi da ƙafar da zai kai kansa ga mai son ƙwallo. Daga teburin babba yake sauka hannun hadimi, daga hadimi zuwa direba ko masinja ko wani ɗan unguwa, kuma a kowane mataki akwai wanda ƙwallo ba ta dame shi ba amma kuɗin mota ya dame shi. A wancan lokaci mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Tikiti biyar na banza a aljihun ƙaramin ma'aikaci daidai suke da sulusin albashinsa ko da a farashin hukuma ya sayar, kuma da wuya a sami mai sayarwa a farashin hukuma idan layi ya yi tsawo, wasa ya kusa farawa. Ana yawan zagin 'yan cuwa-cuwar bakin ƙofa, to amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan cuwa-cuwa ba ya buga tikiti, sai dai in na jabu ne. Wani ne ke miƙa masa.

Sakamakon yana da fuska biyu. Mai son ƙwallo na gaskiya, wanda ba shi da kowa a ofis, yakan tarar tikitin ya ƙare a wurin sayarwa, ya koma ya saya da tsada a hannun wanda ya samu a banza. Shi kuma wanda ya ji an ce "kyauta ne" yakan zo ba tare da komai a hannu ba, yana ganin haƙƙinsa ne ya shiga. Idan rukunan biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya, ƙarfi ke raba gardama. A ranar wasan Ghana an yi turereniya a ƙofofi tun kafin a take ƙwallo. Bayan an tashi 1-1, Najeriya ta rasa gurbin zuwa Katar, fusatattu suka shiga fili suka yi ɓarna. FIFA ta ci tarar Najeriya kuɗin Suwizalan 150,000, ta kuma sa a buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. Haka aka karɓi Saliyo a Abuja a watan Yuni, kujeru wayam, har na waɗanda suka sayi tikitinsu da guminsu suka koma gida lami lafiya.

Yadda wasu suka yi da tasu matsalar

A Ingila dokar 1994 ta haramta wa kowa sake sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin masu wasan ba. Hakan bai kashe kasuwar bayan fage ba, ta koma intanet ne. Abin da ya fi doka tasiri shi ne ƙungiyoyi sun san magoya bayansu ɗaya bayan ɗaya. Mai tikitin kakar wasa yana da lamba, kuma idan babban wasa ya zo, yawan wasannin da mutum ya halarta a baya ne ke sa shi gaba a layi. Wannan rajista ce ta ba su murya. A watan Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool sun fice daga Anfield a minti na 77 saboda shirin kai wasu tikiti fam 77, masu ƙungiyar suka janye cikin 'yan kwanaki. A shekarar ce kuma aka ƙayyade cewa tikitin magoya bayan da suka bi ƙungiyarsu wasan waje a Firimiyar Ingila ba zai wuce fam 30 ba.

FIFA ta bi wata hanyar a Kofin Duniya na 2026. Farashi na hawa da sauka gwargwadon buƙata, sannan hukumar ta buɗe nata dandalin sake sayarwa tana karɓar kashi 15 cikin 100 daga mai saye, ta karɓi wani 15 daga mai sayarwa. Cuwa-cuwa ce aka sa wa riga da hula. Tikiti mafi araha da ta sanar, dala 60, ya haura naira 70,000 da ke matsayin mafi ƙarancin albashin wata a Najeriya. Tun da Kongo ta fitar da Super Eagles a bugun fenareti a Rabat cikin Nuwamban 2025, an hutar da 'yan Najeriya wannan lissafi.

Masu gida a gidan wasu

Idan ana neman ma'aunin amana, tarihin Pillars ya isa. Ta lashe gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly, ta kuma shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ƙasa ba, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Ko da ta faɗi zuwa rukuni na biyu a 2022, mutanenta ba su watse ba, ta dawo bayan shekara guda.

Duk da haka, waɗannan mutane sun fi kowa sanin ɗacin rufe ƙofa. A Afrilun 2022, bayan dogon zama a Kaduna, ƙungiyar ta koma Kano, aka yi tarzoma a wasanta da Katsina United, aka ci ta tarar naira miliyan 9, aka cire mata maki uku, aka tura ta Abuja. A Oktoban 2025 an maimaita bayan kunnen doki da Shooting Stars: tara, cire maki, da mayar da wasannin gida Katsina. Kowane karo 'yan tsiraru ne suka yi laifin, dubbai suka biya da kuɗin mota ko da zaman gida. Da tikiti na ɗauke da suna ko lambar waya, da an iya hana mutum 50 shiga fili a bar 15,000 su yi kallonsu.

Dalilin da ya sa ba a yi hakan ba a fili yake. Galibin ƙungiyoyin gasar mallakar gwamnatocin jihohi ne, daga baitulmali ake biyan albashi, don haka kuɗin ƙofa bai zama abin da rayuwar ƙungiya ta rataya a kansa ba. Inda kuɗin ƙofa ba shi da muhimmanci, mai biyansa ma ba shi da muhimmanci. Akwai kuma masu cin moriyar rashin lissafin, tun daga mai riƙe da ƙofa har zuwa wanda ake aika wa damin tikiti ofis. Ba fasaha ce ta gagara ba: tun 2021 ake sayen tikitin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ta waya da shaidar mai tafiya, kuma an kawo tsarin ne saboda irin wannan cuwa-cuwar a tashoshin Idu da Rigasa. Ƙungiyar Sporting Lagos, mai zaman kanta, ta gwada sayar da nata tikitin ta intanet tun daga kafuwarta a 2022.

Su kuwa Hausawan Agege, tun da MFM ta faɗi daga gasar a 2022, shekarar da Pillars ma ta faɗi, filin unguwarsu ya daina karɓar baƙuncin "Masu Gida" a kowace kaka. Manyan wasannin Legas sun koma Filin Mobolaji Johnson da ke Onikan, a tsibiri, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki Kofin Shugaban Ƙasa a Yunin 2024. Shi ma ƙaramin fili ne. Mai tasowa daga Agege sai ya ratsa Oshodi da Ebute Metta ya haye gada, kuma sai ya isa bakin ƙofa zai san ko tikiti ya rage, da kuma a hannun wa.