Gidan Gado da Hasken Zamani

Duk wanda ya gaji soron kakanninsa a birnin Kano ko Zariya ko Damagaram, ya kuma ji iyalinsa suna kukan duhun ɗakuna da yoyon damina, to, mas'alar da ke gabansa ita ce yadda zai shigar da haske gidan ba tare da ya kori sanyin da magabata suka ajiye cikin kaurin bangonsa ba.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda mai yinsa yakan zaci ihsani yake yi wa gidan, shi ne shafe bangon ƙasa da siminti; domin shi tubali, bisa ɗabi'arsa, yakan sha laima da damina ya sake ta da rani, alhali siminti yakan tsare ta a ciki, ƙasa ta yi ta ruɓewa a ɓoye, har ranar da yaɓen zai ɓamɓaro gaba ɗaya. Maginan dā kuwa, makuba suke shafawa, ta kwasfar ɗorawa, bisa rufi kuwa laso mai katsin marina. Wanda ya cire azara ya ɗora kwano, shi kam da kuɗinsa ya sayi zafin bazara.

Haske daga sama ake nemansa. A huda tagogi can kusa da rufi, ta kudu ko arewa, don ranar gabas da ta yamma sun fi dukan ɗaki, sai haske ya sauko, iska mai zafi ta samu mafita. A shafa farar ƙasa a tsakar gida, a kwantar da faifan sola bisa soro, a bi da ruwan indararo zuwa tanki.

Akwai hujjar irin wannan gyara a Dandaji ta jihar Tawa, inda a 2018 masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, wanda ginin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya sami lambar Aga Khan a 1986. Da suka tashi gyara, maginan da suka yi aikinsa tun farko suka kirawo, sabon masallacin kuma suka gina shi da bulon jar ƙasa da aka matse da inji.