Gam ne ran baka mai falle-falle: abin da zafin Sakkwato ke buƙata

Baka ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, maharban jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne suka karya lagon dawakan Sarkin Gobir Yunfa. Sai dai bakan gargajiya itace ɗaya ne da aka sassaƙa aka ɗaura wa tsirkiya. Bakan wasannin zamani kuwa falle-falle ake haɗa shi: siraran katako ko gora a tsakiya, zaren gilashi a ciki da baya, fasahar da kamfanin Fred Bear ya yaɗa a Amurka cikin shekarun 1950.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sayo irin wannan baka daga waje ya fi ƙarfin yawancin matasa. Mai son haɗa nasa a gida kuwa, babban abin da zai fara yanke shawara a kai shi ne gam.

Idan aka ja tsirkiya, bayan bakan yana miƙewa, cikinsa yana matsewa, sai fallayen su riƙa neman zamewa daga juna. Gam ne kaɗai ke riƙe su. Ya saki a lokacin da aka ja baka, fallen zai ɓalle ne kusa da fuskar maharbi, kuma ido ne ke cikin haɗari.

A nan yanayi ya shigo. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma yakan haura 60. Farin gam na kafintoci yana laushi a irin wannan zafi, ya riƙa sakin katako a hankali, kuma ba ya kama zaren gilashi. Gam ɗin masu gyaran takalma roba ce mai bin jiki, ba ta jure zamewa. Super Glue yana bushewa ƙarau, sai ya tsage idan aka lanƙwasa. Ƙaro kuwa ruwa kaɗan ke narkar da shi.

Abin da masu sana'ar suka dogara da shi shi ne efoksi mai kashi biyu wanda ke ɗaukar kimanin awa 24 kafin ya kama, irin su EA-40 na kamfanin Smooth-On. Mai kamawa cikin minti biyar, wanda ya fi yawa a shaguna, bai kai shi ƙarfi ko jure zafi ba. A goge fallayen da samfefa, a kawar da maiƙo da ƙurar hunturu, a auna kashi biyun daidai yadda aka rubuta, a shafa kowane ɓangare, sannan a ɗaure da tsohuwar robar tayar keke ba tare da matse gam ɗin duka ya fita ba. A sa safar hannu, domin efoksi na iya jawo ƙaiƙayin fata.

Akwai kuma tsohuwar hanya. Turkawan Usmaniyya sun haɗa bakansu da ƙaho da jijiya da itace, da gam ɗin da ake dafawa daga fata, jijiya ko mafitsarar iskar kifi. A garin da ya yi suna da fatar jan akuya, ragowar ɗanyar fatar da ba a jeme ba ba ta da wuyar samu. Irin wannan gam yana son bushewar rani, amma laimar damina tana sassauta shi, don haka ake lulluɓe bakan da fata.

Kowanne aka zaɓa, a fara manna guntayen katako biyu, a bar su su kama, a shanya a rana, sannan a karya. Idan katakon ne ya tsage, gam ya yi. Idan mahaɗin ne ya buɗe, kada a ɗaura wa bakan tsirkiya.