Kafin a Rubuta Darasin Farko

A shekarar 1962 wani masani ɗan Amurka, Robert Mager, ya fitar da ɗan littafi kan rubuta manufofin koyarwa. Har yau ana horar da masu tsara kwasa-kwasai da shi.

Misali, malami zai rubuta cewa ɗaliba za ta "fahimci" awon hawan jini. To, ta yaya za a gane ta fahimta? A wajen Mager, manufa sai da abu uku: aikin da za a yi, yanayin yin sa, da mizanin auna shi. Sai manufar ta koma haka: in an ba ɗaliba na'ura da majiyyaci a zaune, za ta ɗaura masa a damtse daidai saitin zuciya, ta karanta lambobin biyu, ta rubuta ba kuskure. Daga nan ake tsara jarrabawa, sannan darussa. Tarihin na'urar kuwa, duk daɗinsa, sai a jingine shi.

Tun 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan tunani shida, daga tuna abu zuwa yanke hukunci a kansa. Da wannan jerin mai tsara kwas ke kama jarrabawar da ke neman hadda alhali manufar aiki ta nema.