Abin Da Ke Sa Ma'aikaci Ya Kawo Sabuwar Dabara A Masana'anta

A shekarar 1982 ne kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta harhaɗa motoci da ke Fremont, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Ma'aikatan wurin sun yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da fashin zuwa aiki, motocinsu kuma ba su da inganci. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, bisa haɗin gwiwa da kamfanin Toyota na ƙasar Japan, kuma galibin waɗanda aka ɗauka su ne dai tsofaffin ma'aikatan nan. Ba da jimawa ba ingancin motocin ya kusa kamo na masana'antar Toyota da ke Takaoka a Japan.

Abin da ya sauya shi ne matsayin ma'aikaci. An rataya igiya a saman layin haɗa motoci, aka ba kowa ikon janta idan ya ga kuskure, ko da hakan zai tsayar da aiki. A da, tsayar da layi babban laifi ne, don haka ma'aikaci kan kau da kai, mota ta wuce da aibinta. Haka kuma aka damƙa wa ƙananan rukunoni nauyin tsara aikinsu da kansu, aikin da a baya injiniyoyi ne ke yi daga ofis.

Sai dai igiya kaɗai ba ta wadatar. Duk wanda ya san dabararsa za ta rage yawan hannuwan da ake bukata, ba zai faɗe ta ba matuƙar yana tsoron sallama. Wannan lissafi ne na mai hankali, ba lalaci ba. Shi ya sa kamfanin ya yi wa ƙungiyar ƙwadago alkawari a rubuce cewa ba zai rage ma'aikata ba sai in rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari. Da kasuwa ta ja baya a 1988, bai sallami kowa ba; horaswa aka tura su. Zuwa 1991, fiye da kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan suna gabatar da shawarwari.

Masu masana'antu da yawa sukan kafa akwatin shawara, su sa 'yar lada, sannan su yi mamakin ganinsa fayau. Toyota ya fara nasa tsarin tun 1951, kuma ladar da yake biya a kan akasarin shawarwari ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya dage a kai shi ne a ba ma'aikaci amsa da wuri, a kuma aiwatar da shawarar a gaban idonsa.