Megawat, yunit da kubik mita: kalmomin wuta da ruwa da ke ruɗa ma'aikata

Duk hadimin da ya taɓa rubuta wa maigidansa jawabi kan wutar lantarki ya san tarkon da ke cikin kalmar megawat. Sau da yawa akan ji an ce Nijeriya na da megawat kusan 13,000, jama'a kuwa suna zaune cikin duhu. Lissafin ba ƙarya ba ne, sai dai ƙarfin injinan da aka girka ke nan. Abin da ke hawa babban layin ƙasa yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, saboda ƙarancin iskar gas da lalacewar injina da raunin layukan dakon wuta. Wanda ya gwama alƙaluman biyu a takardar ofis ya jefa maigidansa cikin bakin 'yan jarida.

Megawat awon ƙarfi ne a lokaci guda. Yunit ɗin da mita ke ci kuwa awon abin da aka sha ne: dutsen guga mai wat 1,000 idan ya yi awa ɗaya yana aiki, ya cinye yunit ɗaya. A kan wannan yunit ɗin ne hukumar NERC ta ɗaga farashi zuwa naira 225 ga 'yan Band A a watan Afrilun 2024. Band ba unguwa ba ce, kuma ba matsayin mai gida ba ne. Rukuni ne na layin da ke kawo wutar, bisa alƙawarin sa'o'i: 20 a rana ga A, 16 ga B, 12 ga C, 8 ga D, 4 ga E. Shi ya sa maƙwabta biyu kan biya kuɗi daban-daban. Wanda ke biyan kuɗin A alhali ba ya ganin sa'o'i 20 yana da hurumin kai ƙorafi ga kamfanin rarraba wuta, idan bai gamsu ba ya wuce gaban NERC.

A ɓangaren ruwa, kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 masu cin lita 25. Da ita ake auna abin da ya bi ta mitar gida, da ita kuma ake auna cikin madatsa.

Amma madatsa suna ta tara. Ta Usuma da ke kusa da Bwari ruwan sha take bai wa Abuja, ana kuma ƙara mata daga Gurara. Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba da Shiroro da Zungeru aikinsu juya injinan lantarki. A wajensu yawan ruwa kaɗai bai isa ba, sai da tsayin da yake gangarowa daga gare shi. Idan tafki ya ja baya, injin Shiroro yana nan lafiya lau, takarda na cewa megawat 600, amma ba zai bayar da su ba.