'Yancin Jiki da na Zuciya Ba Sa Rabuwa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk wanda ba ya kurkuku, ba ya kuma hannun wani, to ya gama samun 'yanci. Wasu kuwa, musamman masu kira ga zuhudu, kan ce 'yanci na gaskiya a zuci yake, jiki ko oho. Kowane ɓangare rabin gaskiya ya riƙe. Mutum ba ya zama ɗa cikakke sai jikinsa ya fita daga mallakar wani, zuciyarsa kuma ta fita daga kangin tsoro da kwaɗayi.

A dubi Sayyidina Bilal a Makka. Umayya ɗan Khalaf yakan shimfiɗe shi a kan yashi da rana tsaka, ya ɗora masa dutse a ƙirji don ya bar addininsa, amma ya ƙi. Wannan zuciya ba mai mallakarta sai Allah. Duk da haka Sayyidina Abubakar bai ce ai hakan ya wadatar ba, sai ya fitar da dukiyarsa ya saye shi ya 'yanta shi. Ita ma shari'a ta sa fansar bayi cikin wurare takwas da ake kai zakka, ta kuma sa 'yanta bawa a kaffarar rantsuwa da ta kisan kuskure.

Wani zai ce maganar 'yancin zuciya dabara ce ta lallashin wanda aka zalunta don ya yi shiru. Akwai gaskiya a ciki, domin an sha fakewa da haƙuri a danne masu rauni. Hadizatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a Nijar, wa'azin haƙuri bai fitar da ita ba. Doka ce ta yi mata aiki: Nijar ta mai da bauta laifi a 2003, kotun ECOWAS kuma ta yanke hukunci a 2008 cewa gwamnati ta gaza kare ta. Sai dai kafin hukuncin nan, sai da ta cire tsoron ubangidanta ta tsaya gaban alƙalai. Da zuciyarta na ɗaure, da doka tana nan a takarda.

Haka kuma jiki kan samu sakewa zuciya ta ci gaba da bauta. Najeriya ta samu mulkin kai a 1960, amma a 2018 sai da gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda ya kama matasa. Ba wanda ya sa musu mari a ƙafa, amma kwalba ce ke juya su. Haka wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da atamfa. Saboda haka malamin da ke gyara zukata da alƙalin da ke ƙwato haƙƙi aiki ɗaya suke yi, kuma al'ummar da ta riƙe ɗaya ta saki ɗaya za ta ci gaba da samun bayi a cikinta.